Gidan Kawu a Sabo: Yadda Ake Korar Baƙo Ba Tare da An Ce Ya Tafi Ba

Kawuna, yayan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shafe sama da shekara 40 yana sauke baƙi a Sabo ta Badun. Sana'arsa ke nan, ba shi da wata. A Kano irinsa ake kira fatoma, a Sabo kuwa maigida kawai ake cewa: mutumin da falke zai sauka a gidansa, ya ci, ya kwana, a sayar masa da shanunsa, a karɓo masa kuɗinsa, a raka shi mota. A hannunsa na tashi, kuma abin da zan faɗa shaida ce a kansa da kan abin da ya ƙi jini fiye da komai, wato a ƙi baƙo. Mutane da yawa sun ɗauka ƙin baƙo shi ne a rufe masa ƙofa ko a ce masa babu wuri. Wannan ai da sauƙi, domin wanda aka ce wa babu wuri ya san matsayinsa, sai ya nemi wani gidan tun rana ba ta faɗi ba. Wanda ya fi ciwo shi ne a ce maka "bismilla, shigo", sannan a yi ta nuna maka da ƙananan abubuwa cewa zuwanka nauyi ne.

Da ƙafa Kawu ya shiga Kurmi, wato ƙasar Kudu, yana saurayi, kafin samun 'yancin kai a 1960. Ɗan kora ne a lokacin, cikin yaran da ake ɗauka su bi garke. Jirgin ƙasa ya kai Kano tun 1911, masu hali suna loda shanunsu a tarago, amma kora ta fi arha, don haka fatake da yawa ba su daina ta ba. Suna ƙetare kogin Kwara a Jabba, su bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo, tafiyar sama da wata guda. Sabo kuwa, unguwar Hausawa da ke gefen Mokola, tun 1916 aka kafa ta, kuma gidajen sauke baƙi su ne ƙashin bayanta.

Daren da suka iso, maigidan da ubangidansu yake sauka wurinsa ya fito da fara'a, ya kama hannun mai shanu ya shige da shi ciki. Su 'yan kora uku aka bar su a dakalin ƙofar gida. Ba wanda ya kore su, ba kuma wanda ya ce musu ga ruwa. A nan suka kwana da yunwa, sai da safe wata tsohuwa mai koko ta dube su ta gane, ta zuba musu ba ta karɓi ko anini ba. Kawu bai taɓa ambatar sunan wannan maigidan ba har ya koma ga Allah, amma daga wannan daren ya ɗauki ƙa'idar da ya riƙe: yaron baƙo baƙo ne, direban baƙo baƙo ne, kwano ɗaya ake zuba musu da irin na ubangidansu. Bayan tausayi, akwai lissafi a ciki. Ɗan kora na bana shi ne falken shekara goma masu zuwa, kuma direbobi da yaran mota su ne masu kai labarin gida kasuwannin Arewa, daga Wudil zuwa Maigatari zuwa Potiskum.

Bai koma gida ba. Ya zauna a wani gidan yana shara da cika butoci da ɗauko akussa daga cikin gida, ya koma kula da shanun baƙi a kara, wato kasuwar shanu, ya zama dillali, ya koyi Yarbanci har yana ciniki da zolaya da shi. Wajen lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973 ya samu nasa gidan, ɗaki shida da zaure.

Sai mutum ya san halin da mai shanu yake ciki in ya sauka a Kurmi kafin ya gane nauyin abin. Sa ba goro ba ne da za a adana a jira kasuwa ta yi kyau. Ƙasar akwai ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ga danshi, ga ciyawar da ba su saba da ita ba. Kowace rana dabba tana zubewa, kuɗinta yana raguwa, kuma ba a mayar da ita Arewa. Mahautan da za su saya yawancinsu Yarbawa ne, kuma bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar su biya, mako biyu ko uku, wani lokaci huɗu. Falke bai san harshensu ba, bai san wanda yake biya da wanda yake gudu ba, bai san gidan kowa ba. Dukiyarsa duka tana hannun maigida, wanda shi ne mai lamuni: in mahauci ya ci kuɗi, daga aljihunsa zai biya. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ke cikin wannan hali yana karanta fuskar maigidansa tun daga sallamar farko, domin in aka yi masa rowar ruwan sha, me zai sa ya yarda ba za a yi masa rowar gaskiya a ciniki ba?

Karɓar baƙo a gidan Kawu tana da jeri, kuma ba a tsallake mataki. Da tirela ta maye gurbin kora, tafiyar ta koma kwana biyu ko uku ta Mokwa da Jabba, amma wahalar ba ta ragu ba. Wanda ya rako shanu 30 a bayan mota bai runtsa ba, domin duk san da ya kwanta dole a tashe shi nan take, in ba haka ba 'yan'uwansa su tattake shi. Saboda haka tun kafin a zo batun gida, Kawu yana tura yara biyu wurin sauke kaya, ɗaya da wuƙa mai kaifi, kuma an riga an yi magana da mahauci. Dabbar da ta sauko ba ta iya tsayuwa a yanka ta kafin ta zama mushe, a sayar da naman ko da rabin kuɗi ne. Maigidan da bai tura kowa ba, ya bar baƙo yana ihu a kara cikin mutanen da ba su jin harshensa, ya riga ya ƙi shi tun bai taka ƙofar gidansa ba. Sannan a shayar da sauran, a hankali, kaɗan-kaɗan, don dabbar da ta yi kwana biyu ba ruwa in aka sake ta a kan kwatarniya cikinta yana ɓaci.

A gida kuma ruwan sha ne farko, daga randa, a kwanon sha mai murfi, kuma babba ne zai miƙa ko yaro ya durƙusa ya ajiye da sallama. Sai buta, sai a nuna masa banɗaki tun bai tambaya ba, domin dattijo da yawa zai gwammace ya matse kansa da ya tambayi yaro ina makewayi. Sai a nuna masa alƙibla, tunda wanda ya shigo gari da dare bai san gabas ba, ga salloli a kansa. Sai bokitin ruwan wanka mai ɗumi da sabulu, saboda ƙura da kashin shanun da ke jikinsa. Butoci shida ne a zauren, randa biyu, kuma cika su aikin yaro ɗaya ne da aka sani, don kada a ce kowa ya ɗauka wani ya yi. Gaisuwa a wannan lokaci gajera ce: "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?" Tambayoyi biyu Kawu ya haramta kafin baƙo ya ci abinci ya yi barci. Ba a cewa "shanu nawa ka kawo?", don ya nuna la'adarsa ake jira ba shi ba. Ba a kuma cewa "yaushe za ka koma?", ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Abinci shi ne inda gidaje da yawa suke tona wa kansu asiri. Lissafin Kawu shi ne tiya ɗaya ta garin masara tana ɗaukar manya 8. In baƙi da yaransu sun kai 20, tiya biyu da rabi ke nan, sai ya sa a ƙara rabi, ya ce na wanda bai iso ba tukuna, tunda mota ba ta da lokacin shigowa. Tiya 3 a dare, buhu mai tiya 40 bai cika kai mako biyu ba. Da safe koko da ƙosai, ko shayi da burodi. Da rana kowa yana kara, ya ci abin da ya samu. Tuwon dare kuwa dole daga cikin gida zai fito, da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da daddawar da direbobi suke kawo masa daga gida. Ba ya yarda a sa wa sabon zuwa amala ko teba a daren farko sai in shi ya nema, don cikin da ya sha jijjigar hanya abin da ya saba yake so.

Baƙo yana gane saƙon da ke cikin kwano. Tuwon da ya fito bayan an daɗe da sallar isha, mutum ya riga ya yi barci a tashe shi, saƙo ne. Kwano ba murfi saƙo ne. Yaron da ya dangwarar da akushi ya juya ba sallama, ko ya tsaya a kan mutum yana jiran kwano, saƙo ne. Ƙamshin nama ya cika gida amma miyar baƙo ba ko ƙashi, wannan ya fi zagi. Akwai kuma maigidan da zai zauna kusa da baƙo yana cin abinci ya fara ba wani labarin yadda masara ta yi tsada. Ban san wata hanya ta sa lomar mutum ta tsaya a maƙogwaro da ta fi wannan ba.

A nan dole a faɗi haƙƙin mata. Duk wannan tuwon Inna, uwargidan Kawu, da abokiyar zamanta da 'yan matan gida suke tuƙa shi, kullum, da azumi da damina. Kawu ya gane cewa in aka ga tuwo da gudaji ko miya tsararo, sau da yawa laifin ba na mai girki ba ne, na maigidan da ya tara mutane ne bai ba da cefane ba. Kuɗin cefane yana fita tun da hantsi, da adadin bakin da za a ciyar. Itace da ruwa aikin samari ne. In baƙi sun wuce 25 yana ɗauko mai taya aiki ya biya ta. Kuma duk falken da ya gama ciniki ya san akwai abin da zai aika wa Inna, turmin atamfa ko kuɗin sabulu, ba don an tambaye shi ba.

Kawu ba malami ba ne, iyakarsa izu kaɗan da sauraron tafsiri da azumi, amma akwai wuri biyu a Alƙur'ani da yake yawan maimaita mana. Na farko labarin baƙin Annabi Ibrahim, alaihis salam, a Suratuz Zariyat, aya ta 24 zuwa 27. Yakan ce mu lura da yadda aka yi: ya sulale zuwa ga iyalinsa ba tare da ya tsaya tambayar baƙi ko za su ci ba, ya kawo ɗan maraƙi mai ƙiba, ya matsar da shi kusa da su, sannan ya ce ba za ku ci ba? Daga nan ya hana mu tambayar baƙo "a kawo abinci?", domin mai kunya cewa zai yi ya ƙoshi, kuma mai tambayar ya san haka. Na biyu aya ta 77 a Suratul Kahfi, mutanen alƙaryar da Annabi Musa da Halliru suka nemi abinci a wurinsu suka ƙi saukar da su. Yakan ce gari guda ne aka ambata a Littafin Allah ba a faɗi komai game da mutanensa ba sai wannan hali.

Akwai ƙin baƙo da ba a gani a zaure, sai a kara, kuma shi ya fi cin dukiya. Maigida ya ɓoye wa baƙo yadda kasuwa take, ya san tireloli goma suna hanya gobe farashi zai faɗi, ya yi shiru don yana so shanun wani babban baƙonsa su fara fita. Ko ya haɗa mai shanu biyar da dillalin da bai ƙware ba, ya ajiye gwanayen ga mai shanu hamsin. Ko ya bari a sallama wa mahaucin da ya san yana da tsohon bashi. Mafi muni, kuɗi su shigo hannunsa ya juya su a wata harka, ya riƙa ce wa mai su "gobe in Allah ya yarda" har kwana goma, mutum yana zaune kasuwar Arewa tana wuce shi. Tuwo yana fitowa kullum, fara'a tana nan, amma an cuce shi. Kawu yana da littafi da malamin da ke rubutawa: sunan mahauci, dabbar da ya ɗauka da kamanninta, kuɗinta, ranar biya. Duk daren Alhamis ana karanta wa kowane baƙo nasa a gabansa. Ranar da wa'adi ya cika mahauci bai kawo ba, Kawu ya biya, shi ya bi bashinsa daga baya. Ya taɓa sayar da fili saboda haka.

Mun ga yadda gida yake mutuwa. Akwai wani babban gida kusa da namu, ya fi namu ɗakuna da suna. Da mai shi ya rasu 'ya'yansa suka gaje shi, ba su kori kowa ba. Sai dai randar zaure ta fara kwana ba ruwa. Aka cire ƙwan lantarkin ɗakin baƙi wai ana shan wuta. Gidajen sauro suka yage ba a sauya ba, baƙi suna kwanciya da zazzaɓi ba mai cewa sannu balle a kai su kemis. Babban ɗan yana amsa sallama daga zaune, idonsa a wani wuri. Falke ba ya rigima a garin da ba nasa ba. Zai gama cinikinsa, ya yi godiya, ya ce sai wani jiƙon, in ya dawo ya sauka a wani gidan. Cikin 'yan shekaru ɗakunan suka koma na haya. Abin da ya ba ni tausayi shi ne har yau 'ya'yan suna cewa asiri aka yi musu.

Ba kowane "a'a" ne ƙin baƙo ba, kuma Kawu yana bambancewa sosai. Talauci ba rowa ba ne. Wanda ba shi da komai sai ruwa da tabarma, ya kawo su da sakin fuska ya faɗi gaskiyar halinsa, ya sauke nauyi; shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya ce yau ba zai iya ganin kowa ba shi ma bai yi laifi ba, tunda a Suratun Nur an ce in aka ce ku koma, to ku koma. Hadisin da ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa, a wata ruwayarsa ya iyakance liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Wanda ya gama ciniki ya karɓi kuɗinsa ya ci gaba da zama yana yawon gari, Kawu yakan kira shi gefe, ba a gaban mutane ba, ya ce: "Malam, iyali suna jira, kuɗin nan kuma ba su da aminci a aljihu. Akwai mota jibi, na yi maka magana da direba." Wanda kuma ya zo da shanu cikin dare yana so a sayar kafin gari ya waye, a farashin da bai kai ba, babu takardar kasuwar da ya saya, ga sabon yanka a kunnen dabba inda shaida take, za a ba shi ruwa da abinci, amma za a gaya masa a fili cewa gidan nan ba ya sayar da su, kuma za a sanar da shugabannin kara.

A shekarar bushiya, 1983, wani falke ya iso da shanun da suka kamu a hanya, idanu suna hawaye, baki yana dalala, ga zawo. Gidaje biyu sun ƙi ko amsa masa sallama, kamar shi ne ciwon. Kawu ya ƙi yarda shanun su kusanci na sauran baƙinsa, ya sa aka ware su nesa, aka kira malaman dabbobi. Mutumin kuwa Kawu ya ba shi ɗaki. Kusan duka suka mutu. Ya zauna wajen wata biyu ba ya iya haɗa ido da kowa, kwanonsa yana fitowa daidai da na masu kuɗi, kuma Kawu ya gargaɗi yara kada wanda ya ambaci shanu a gabansa. Da zai tafi Kawu ya biya masa kuɗin mota ya ba shi guzuri. Bai sake dawowa Kurmi ba, Kawu bai ci kwabonsa ba.

Sallama ma tana da nata ƙa'ida. A ƙirga wa baƙo kuɗinsa a ɗaki, da shaida ɗaya, ba a zaure ba. A ba shi tsarabar goro ko manja ya kai gida. A raka shi har tasha, a ga tashin mota. Maigidan da ya yi sallama daga kan kujera ya ce "to, a sauka lafiya", ya ɓata duk tuwon da ya bayar.

Zamani ya sauya sana'ar. Kara ta bar cikin gari, ta yi Bodija, ta koma Akinyele, nesa da Sabo. Kuɗi suna tafiya ta banki, falke yana jin farashi ta waya tun yana Arewa, matasa da yawa sun fi son otal. Ƙin baƙo ma ya samu sabuwar hanya: a ga kiran mutum yana tasha a ƙi ɗagawa, ko a ce "ga ni nan zuwa" a kashe waya. Kawu da tsufa ya kama shi ya sa aka ba direbobi lambar yara biyu, ya ce wayar gidan baƙi ba ta kwana a kashe. Lokacin rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairun 2021 yana kwance ba ya iya fita, amma ya sa aka buɗe ɗakunan duka da zaure ga waɗanda suka gudo, mata da yara aka shigar da su wurin Inna. Masarar da ke gidan ta ƙare a kwana huɗu, maƙwabta, har da Yarbawan da ya yi shekaru yana ciniki da su, suka riƙa aiko da garin rogo da doya.

Kafin rasuwarsa ya yi wasiyya a gaban shaidu cewa ɗaki biyu na kusa da zaure a bar su na baƙi, kada a sa haya. Malamin da ya zo rabon gado ya lissafa ya ce ba su kai sulusin abin da ya bari ba, don haka wasiyyar ta zauna. Abin da ba a rubuta ba shi ne wanda zai riƙa ba da masara da kuɗin cefane. A yanzu 'ya'yansa uku ne suke karɓa-karɓa wata-wata, na huɗun ya ce shi ba zai iya ba, kuma ba a matsa masa ba.